Sunayen da Inna Kulu Ta Ƙi Faɗa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa gare ki, ke da kika san kanki.

Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya kai ki Zariya lafiya, ya tsare ki tun daga tashar Wurno har ƙofar ɗakin da za ki sauka. Allah ya raba ki da direba mai gaggawa da abokin tafiya mai mugun nufi, ya haɗa ki da malamai masu karanta abin da ɗalibi ya rubuta kafin su sa hannu. Wannan ta ƙarshen ba ƙaramar addu'a ba ce. Na yi jami'a, na sani.

Za ki tarar da takardar nan a ƙarƙashin ƙullin tafarnuwa, cikin jakar da na ce kada ki buɗe sai kin isa. Na san za ki ce gida ɗaya muke kwana, me ya hana in faɗa miki da baki. Kin san abin da ya hana. Ke ce ta fari. Mahaifiyata Hajiya, Allah ya jiƙanta, ita ta yaye ki ta raine ki, kika tashi kina ce mini Malama kamar yadda ɗalibaina suke ce mini, ni kuma ban taɓa gyara miki ba. Shekara ashirin da biyar muna magana ta gefe. Kina zaune gabana zan ce, “A gaya wa yarinyar nan abinci ya sauka.” Ina da digiri a fannin tarihi, na karanta littattafan da suka yi wa wannan al'ada bayani da dogon Turanci, amma bakina bai karanta su ba. Ita takarda ba ta kallon mutum, shi ya sa na zaɓe ta.

Tun da kin ɗaura niyyar rubuta tarihin Shiyar Masaƙa, unguwar da aka haife mu ni da ke, ba ni da abin da zan ba ki guzuri sai kurakuraina. Aikin nan ni na fara shi kusan shekara talatin da suka wuce, lokacin da nake haɗa kundin kammala digirina. Kurakuran suna nan garau, na adana su fiye da yadda na adana kaset.

Na fara aikin ne da zaure. Na tsara tambayoyi a takarda, na rataya rakoda, na bi gidajen manya: mai unguwa, liman, da wasu dattawa biyu da aka ce su ne suka san asali. Sun karɓe ni da mutunci, aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofa. Na farko ya ce, “Kakanmu shi na farkon wanda yas sauka wurin ga, da tuta hannu nai.” Na rubuta. Na biyu ya faɗi haka, na uku ma haka. Da na gama da na huɗu sai na tarar unguwarmu mutum huɗu ne suka riga kowa zuwa cikinta, kowanne da tuta, kowanne malami. Ba wanda kakansa ya taɓa riƙe ƙoshiyar saƙa. Unguwa sunanta Masaƙa, amma bisa ga abin da na tattara, tufafin da kansu suke saƙa kansu. Haka na rubuta, na ɗan goge inda labaran suka ci karo, aka ba ni maki mai kyau.

Kada ki raina zaure. Dattawan ba ƙarya suka yi mini ba, abin da iyayensu suka faɗa musu ranar salla suka maimaita, kuma shi ma tarihi ne: tarihin yadda mutane ke son a tuna da su. Ki je, ki durƙusa, ki rubuta. Amma in sun gama, ki tambaye su wa ya gina rijiya, wa yake rina zare, gidan wa baƙo yake kwana. In suka ce wannan zancen mata ne, to sun nuna miki ƙofar da za ki shiga.

Ni ban shiga don hankalina ya ba ni ba. Malamin da ke duba aikina ne ya ce a ƙara shafi biyu a kan mata, don a lokacin ana yayin haka. Sai Hajiya ta tura ni wurin Inna Kulu, tsohuwar da gidanta ke kallon ceɗiyar da masaƙa suke kafa kayansu a gindinta. Na same ta a rumfa tana tsince albasa, tana ware ruɓaɓɓu kafin a kai sauran rudu, inda ake jera ta ta sha iska. Kusa da ita akwai maƙwabciyarta Gwaggo Tumba, wadda ba ta kai ta shekaru ba, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Kullum tare na same su. Inna Kulu na magana, Gwaggo Tumba na dariya.

Ba ta dubi takardar tambayoyina ba. Muddin hannunta na cikin albasa, bakinta na tafiya. In aikin ya ƙare, zancen ya ƙare. Ta san inda kowane masaƙi yake zama a gindin ceɗiya, ta san wanda ya zo daga hayin gulbi da igiya kawai a kafaɗa ya gina rijiyar unguwa, ta san gidan da ya buɗe rumbu a shekarar yunwa da gidan da ya rufe ƙofa ya ce ba kowa. Abin da na je nema zaure ban samu ba, ga shi yana zuba. Sai dai mutanen da suka fi yawa a labarinta, wato mijinta da surukanta da 'yan'uwansu, duk ba su da suna. “Mutumin gidan ga.” “Babban wancan ɗaki.” “Mai sunan Malam.” “Wane, ƙanen wane.” A jami'a kuwa an koya mini cewa labarin da ba suna ba hujja ba ne.

A rana ta biyu haƙurina ya ƙare. Na matsa da rakoda kusa da bakinta na ce, “Inna, shi mutumin gidan nan, mijinki, yaya sunansa?”

Kin ji wurin a kaset. Dariyar Gwaggo Tumba ta ɗauke kamar an hure fitila.

Inna Kulu ta ce, “Mi kinka ce?”

Na ɗauka kunne ne ya yi mata nauyi, sai na maimaita da ƙarfi.

Ta ce, “Na ji ki tun farko, ɗiyata. Wuri na ba ki ki gyara.” Ta ɗauki albasa ta juya ta, ta jefa cikin ruɓaɓɓu. “Uwarki na gida? Tahi ki tambaye ta sunan ubanki. In ta hwaɗa miki, ki dawo in hwaɗa miki nawa.” Sannan ta juya wajen ƙawarta. “Tumba, boko na da kyau. Shina koya ma mutum tambaya.”

Abin da kaset bai ɗauka ba shi ne ni a lokacin amarya ce, kuma mahaifinki “shi” nake ce masa, har yau ma haka. Na san al'adar sarai, a cikinta nake kwana nake tashi. Amma da na rataya rakoda sai na ɗauka na zama wata baƙuwa daga nesa, wadda dokar garin ba ta hau kanta ba. Ki kiyayi wannan. Takardar shaidar da jami'a za ta ba ki ba ta cire ki daga cikin 'ya'yan unguwa. Abin da ba za ki iya tambayar Hajiya ba, kada ki tambayi kakar wani. In kina son sunan da mace ba za ta iya faɗa ba, ki bari ta tashi alwala, ki tambayi wadda ke zaune kusa da ita. Gwaggo Tumba tana nan a gefena, taku biyu. Ban juya ba.

Inna Kulu ba ta kore ni ba. Na ci gaba da zuwa har albasar ta ƙare, na cika kaset goma sha ɗaya, amma zuciyata ta riga ta fita. Ina kunna rakoda ina tunanin wani abu. Da na zo rubutu na saurari biyu na farko, na tsinci abin da zai cika shafi biyun, sauran tara ko juya su ban yi ba. Na zuba su duka a tsohon adudun Hajiya, na manna takarda a kai na rubuta da jan biro: “Mata. Babu sunaye.” Rubutun ya yi kyau, ina da hannu.

Bayan shekara biyu muka haɗu da Inna Kulu a gidan suna. Ta riƙo gefen mayafina ta ce, “Malama, ina kinka kai muryata?” Na ce tana nan a ajiye, zan kawo mata ta ji. Ta ce, “To, ki gaishe ta.” Ban kai ba. Ranar da na koma gidanta, ta'aziyyarta na je.

Muryar da kika ɗauka ba taki ba ce, aro ce. Ki mayar wa mai ita tun yana iya ji. Kowane abu ki yi shi uku: ɗaya a wurinki, ɗaya a makaranta, ɗaya a unguwar, a hannun wanda zai kunna shi, ba wanda zai kulle shi a akwati don girmamawa ba. Kuma kada ki yanke wa kaset hukunci sai kin saurare shi har ƙarshe. Wannan kamar ba sai an faɗa wa mai digiri ba. An faɗa mini, ina da digirin.

Kuskuren da ya fi hana ni sakewa shi ne jira. Ban daɗe ba na gane cewa Gwaggo Tumba za ta iya warware mini duk “wane” da ke cikin kaset ɗin nan, tun da ba surukanta ba ne. Aikin kwana uku ne. Na ce sai hutu. Hutu ya zo aka haife ki. Wani hutun ya zo ina gyaran jarrabawa. Mijin Gwaggo Tumba ya rasu, ɗanta Umaru ya ɗauke ta zuwa wani ƙauye ta wajen Maikujera a ƙasar Rabah, inda yake noman gero da dawa. Ba nisa, na ce sai ruwa ya ɗauke hanya ta bushe. A haka masaƙa suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, aka sare ceɗiya, aka rufe rijiya da siminti aka kafa shagon cajin waya a kanta. Yaran yanzu in za su kwatanta wurin, Bakin Taransifoma suke cewa.

Sai 'yan bindiga suka fara tayar da ƙauyuka. Wata rana a ɗakin malamai na ji ana lissafa garuruwan da suka watse, na ji sunan nasu. Ban tambayi kowa ko ta tsira ba. Na gaya wa kaina ba ni da wanda zan tambaya. Gaskiyar ita ce muddin ban tambaya ba, tana da rai, aikin kuma yana nan sai hutu. Shekara huɗu ina wucewa ta gaban adudun nan ba na ɗaga kai.

Sauran kin sani, kina wurin. Amma kin gan shi ne da idon mai neman abin rubutawa, bari in gaya miki yadda ni na gan shi.

Da kika sauko da adudun a daminar bara, na ce miki ai sun lalace. Ban duba ba, fata nake yi. Kika zauna da biro kina naɗe zaren kaset ɗaya bayan ɗaya, kika kai su Sakkwato aka juye su a kwamfuta. Biyu sun tafi, tara sun yi magana. Kika cire abin sauraro daga kunnenki kika ce, “Malama, wace ce wannan mai dariya a baya?” Na ce Gwaggo Tumba. Kika ce, “Tana da rai?” Na ce ban sani ba. Na amsa tambayoyi da yawa a rayuwata, a gaban malamai masu gilashi, ba wadda ta tsiraita ni kamar wannan. Ranar kasuwar Rabah kika sa hijabi kika tafi, kika bi masu hatsi rumfa rumfa, har wani ya ce Umaru ya bar noma, yana Goronyo yana su a bakin dam. Kika ce da tsohuwarsa? Ya ce da ita ya gudu, goye a baya. Abin da na kasa yi a shekara huɗu, kin yi shi kafin azahar.

A motar Goronyo kin ga ina ta jan carbi, kin ɗauka tsoron hanya ne. Ba shi ba ne. Ina tsoron mu tarar da rai ba hankali.

Muka shiga gidan da hantsi, ko'ina warin bandar kifi. Tana zaune a tabarma, ta ƙanƙance, idon ya tafi. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, “Wace ta?”

Na ce, “Ɗiyar Hajiya Ai ce, ta Shiyar Masaƙa, Gwaggo.”

Ta ɗan yi lalube a kanta. “Mai rediyo?”

“Ita ce.”

“Wadda tat tambayi Kulu sunan miji.”

Shekara talatin ina koyarwa, ɗalibaina sun zama manya a ofisoshi, amma ga abin da tarihi ya riƙe mini. Na ga kin cusa fuska a hijabi, kafaɗunki na rawa. Ban ji haushi ba. A wannan lokacin na san kanta garau yake, kuma da za ta yini tana yi mini gori, da na yini ina godiya.

Kika kunna. Muryar Inna Kulu ta fito tana cewa, “Tumba, kin tashi lahiya?” Tsohuwar nan ta gyara zama ta ce, “Lahiya lau, Kulu. Kin daɗe.” Daga nan aiki ya kankama. Inna Kulu ta ce mutumin gidan ga, Gwaggo ta ce, “Malam Jodi na, mai saƙar fari. Rowa gare shi, rubuta.” Ta ce babban wancan ɗaki, Gwaggo ta ce, “Modi, wan Jodi. Shi na mai zama gabas ga ceɗiya.” Kina tsayarwa, kina rubutu, kina sakewa. Kwana uku muna zuwa. Ina zaune ina kallon unguwarmu tana cika da mutane, kowa yana komawa ƙofar gidansa.

A rana ta uku muka kai kaset na bakwai, wanda ni da na ɗauke shi ban taɓa saurara ba. Inna Kulu na ba da labarin shekarar da gulbin Rima ya shigo gari, ruwa ya ci katangar da ke tsakaninta da Tumba. Sai na ji tana jero sunaye ba ko tsayawa: mijin Tumba, surukin Tumba, uwar mijin Tumba, kowa da sunansa na yanka. Ba nata ba ne, ba abin da zai hana ta. Na tuna jan birona. Sunaye cike da kaset, kowace tana riƙe wa 'yar'uwarta nata, ni kuwa na rufe adudu don ba a ba ni guda ɗayan da na tambaya ba.

Sannan ta ce, “Shekarar nan ta Tumba tar rasa ɗanta na fari, Isiyaku. Bai cika arba'in ba. Bayan ceɗiya anka sa shi.”

Umaru yana gefe yana ɗinkin taru, mutum da furfura a gemu. Ya ɗago kai ya ce, “Inna, ashe ina da wa?”

Gwaggo ta miƙo hannu wajen da take jin motsinki ta ce, “Ɗiyar ga, mai da shi baya.” Kika mayar. Ta ce a sake. Sau uku Inna Kulu ta faɗi sunan da uwarsa ba ta taɓa furtawa ba, ba kuma wanda ya rage a duniya da ya san shi sai ita. Gwaggo ta goge fuska da gefen zane ta ce, “Kulu dai ba ta da kunya.” Sai ta yi dariyar nan tata ta cikin kaset, ba abin da ya canza.

Kin ce a hanyar dawowa na yi barci tun daga Goronyo har Wurno, baki buɗe. Ban musa ba. Ban san nauyin adudun nan ba sai da aka sauke mini shi. Umaru ya aiko cewa tun da kika sa musu muryar a waya, kullum da safe sai Gwaggo ta sa an kunna, tana gardama da Kulu a kan wa ya fara aure. Muryar ta koma gida. Ba ni na kai ta ba, amma ta koma, kuma na gode wa Allah da ya sa ban mutu da ita a saman kabad ba.

Saura kaɗan in bar ki. A Zariya za ki haɗu da masu cewa tarihin unguwa ɗaya ƙaramin abu ne, ki rubuta na daula. Ki yi musu murmushi. Daula tana da masu rubuta ta, Malam Jodi mai rowa ba shi da kowa sai ke. In kin dawo neman ƙarin bayani, kada ki hau hanyar ƙauye sai kin tambayi mutanen wurin a ranar, ba jiya ba, kuma la'asar ta same ki a gida. Na ce kada ki yi jira irin nawa, ban ce ki yi ganganci ba. Tsohon da kika ji labarinsa yau, ki neme shi cikin makon nan. Ki je wa mata da hannu biyu a shirye, ki zauna ki taya su aikin da suke yi, kuma ko da yaushe ki nemi su zama biyu.

Makon jiya kin zaunar da ni kin ɗauki tawa muryar, kin ce ni ma yanzu tsohuwar unguwa ce. Na gode da wannan ƙarin girma. Da kika fita na saurari abin da na faɗa. Awa guda ina ba da labarin yadda aka ceto kaset ɗin Inna Kulu, daga farko har ƙarshe “yarinyar nan” nake cewa. Yarinyar nan ta sauko da adudu, yarinyar nan ta tafi Rabah. Wata rana wata mai digiri za ta saurara ta manna takarda ta rubuta babu sunaye. Inna Kulu tana da Tumba, Tumba tana da Kulu. Ni mai faɗa mini naki Hajiya ce, ta kuwa riga mu. Don haka ki haɗa wannan takarda da muryar, ki ajiye su wuri ɗaya.

Wadda ta sauko da adudun, ta nemo Gwaggo Tumba, ta mayar wa Shiyar Masaƙa mutanenta, sunanta Hadiza. 'Yata ce, ta fari.

Na rubuta ne, ban faɗa ba. In kin dawo hutu kada ki tsaya kina kallon bakina, za a gaya wa yarinyar nan abinci ya sauka kamar kullum.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya tsare hanyoyin Rabah da Goronyo da mutanen da ke bin su, ya mayar da waɗanda suka watse gidajensu. Allah ya jiƙan Inna Kulu da Hajiya da jaririn da ke bayan ceɗiya, ya ƙara wa Gwaggo Tumba lafiya. Allah ya kai Hadiza lafiya, ya dawo mini da ita lafiya.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
wadda kike ce wa Malama.